Layun Shanun Kaka

Ni mai gyaran rediyo ne a Dutse, amma in ka tambaye ni a bakin shago zan ce maka injiniya ne, kuma zan faɗa yadda na tsallaken titi zai ji. Rediyon ma yanzu wa yake kawowa? Sai lasifikar masallaci, amfilifayar masu biki, fitilar caji, wani lokacin butar lantarki da amarya ta kunna ba ruwa. Na taɓa gaya wa wani cewa amfilifayar da na haɗa wa masallacin unguwarmu, in ladan ya yi tari a Dutse, mutanen Taura ne suke ce masa sannu. Ya ce ƙarya nake. Na ce ga hanya nan, je ka tambaye su.

Wannan bakin nawa shi ya jawo mini aikin da har yau yake zaune a ƙirjina.

Kakana na wajen uwa yana zaune a ruga, can gefen hanyar Miga, shi da shanunsa. Kada a tambaye ni guda nawa. Kaka ba ya ƙirga dabba, a wajensu faɗin adadi kamar gayyato mata ido ne, ni ma ba yau zan fara ba. Kowace da sunanta. Akwai Guntuwa, akwai Mai Kunya, akwai wadda ya sa wa Ma'aikaciya, wai don ba ta san komai ba sai ci da kwanciya a inuwa, kuma kowa ya san da Kawuna yake, ɗansa da ke aikin gwamnati. Sai wata ja mai taurin kai da ya sa wa 'Yar Birni. Wannan da ni yake.

Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, ba sauƙi. Tun kakata tana raye nake ce masa na ƙwace masa mata, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba. Ko Injiniya, ko Maƙaryaci, ya danganta da yadda ya tashi.

Wani maƙwabcinsa ne yake haɗa shanun da nasa ya kai kiwo. In rana ta yi sanyi sai su ɓalle daga garke su nufo gida da kansu, Kaka yana kan tabarma gindin tsamiya, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya san wadda ta dawo da wadda ta tsaya. Sai idon ya fara tafiya. An kai shi asibiti, likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ba abin da za a kankare. Ya koma shiga tsakaninsu yana laluben ƙaho da tozo. Wata rana suka ture shi, ya kwana uku ba ya iya ruku'u. Wata rana kuma Guntuwa ba ta dawo ba, bai sani ba sai da aka kawo ta da igiya daga gonar wani, da mai gonar a bayanta yana kumfar baki.

Kawu ya zo daga Takur, unguwarsu a cikin Dutse, ya zauna a gefen tabarma. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi.

"Baba, ɗaki yana nan na gyara maka. A sayar da su ka huta."

"In huta da me?"

"Ba ka ganinsu, Baba. Wata rana za su taka ka."

A nan ne na buɗe baki. Na ce ai yanzu akwai ɗan kunne na roba da ake maƙala wa saniya, da wata na'ura mai karanta shi daga nesa. Na ce Kaka zai zauna a inda yake, ko motsi ba zai yi ba, na'ura ta gaya masa wadda ta shigo. Na ce in na sa hannu, saniya tana Miga za a ji labarinta a Dutse.

Kawu ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai tallar maganin basir. Ya ce, "To. Nan da ƙarshen girbi zan dawo. In daga tabarmar nan ya iya gaya mini wadda ta dawo da wadda ba ta dawo ba, ba tare da ya tashi ba, na bar shi da shanunsa. In ba haka ba, mota zan zo da ita."

Kaka ya ce, "Shi ke nan, an ɗora rayuwata a kan harshen Maƙaryaci."

Na shiga Kano na samo kayan. Mai shagon ya ɗaga ɗan kunne guda mai ruwan ɗorawa ya ja da baya taku huɗu, na'ura ta yi ƙara. Ya ce roba ko fata ko tsumma ba sa hana ta karatu, abu biyu kawai ba ta so, ƙarfe da ruwa. Na ce na ji. Na sayi 'yan kunnen daidai adadin shanun, ko guda ban ƙara ba, wai ni mai wayo.

Ƙara kawai ba za ta yi wa Kaka amfani ba, lamba kuwa zagi ce a wajensa. Sai na haɗa wani ɗan allon lantarki da katin memori da ƙaramar lasifika, yadda in na'ura ta karanta ɗan kunnen saniya, lasifika za ta kira sunanta. Na ce muryarsa za a sa. Na miƙa masa waya.

"In kira saniya ba ta nan? Mahaukaci ka mai da ni?"

"Ai dama, Tsoho. Yau ne za a samu shaida."

Can ya juya fuskarsa gabas, wajen da suke kiwo, ya manta da wayar gaba ɗaya, ya fara kira. Kowace da yadda yake jan sunanta. Na Mai Kunya a hankali, kamar yana tashin jariri. Na 'Yar Birni kuwa da tsaki a ƙarshe.

Da na fito da abin huda kunne, nan muka yi karo. Kunnen shanunsa akwai tsagar gidansu, wadda ubansa ya yi wa nasa, shi ma ya gada. Ya ce ba wanda zai huda masa roba kusa da ita.

"Kawo su nan. A wuya za a rataya. Ni na san yadda zan yi."

Na zube masa su a tafin hannu na koma Dutse. Bayan mako guda na dawo na tarar kowace saniya da laya a wuya, jar fata, ɗinki mai kyau, kamar za su je zance. Ya ce badukun kasuwa ya ba wa. "Abu mai tsada haka a bar shi a ruwa da rana?" Na ce Tsoho, yau ka burge ni. Fata ai ba ta hana karatu, an gaya mini.

Na kafa eriya a jikin turken ƙofar shinge, na ja waya zuwa gindin tsamiya, muka zauna. Shanu suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Lasifika shiru kamar an aiko ta gaisuwar mutuwa. Sai da ta ƙarshe ta zo wucewa muka ji muryar Kaka ta fito daga cikin akwatin na'urar, "'Yar Birni," da tsakinta.

Kaka ya yi dariya har da tari. "Ta gane 'yar'uwarta."

Na bi sauran da eriya a hannu. In na manna ta a jikin laya, na juya, na karkata, wani lokacin takan karanta. Na ce na gano. Jikin saniya ai ruwa ne, kuma ga laya kwance a kan wuya, tana shanye ƙarfin. Magani shi ne a ƙara wuta. Duk wanda ya yi rayuwarsa cikin lasifika, in abu bai ji ba, ƙara masa murya kawai ya sani.

Na sayo amfilifaya ta waje, 'yar ƙarama mai haƙarƙarin alminiyom, wadda ake sawa tsakanin na'ura da eriya. Tun da ban bar ɗan kunne ko ɗaya a shago ba, ba ni da abin gwaji sai shanun, su kuma sau ɗaya suke shigowa a yini. Kullum in an yi la'asar na rufe shago na hau babur. Gwaji ɗaya, in ya ƙi sai gobe.

Ranar farko da amfilifaya, ko 'Yar Birnin ma ba a kira ba.

"Injiniya, da guda muke ji. Yanzu ka ƙaro kaya mun koma babu. In ka sake ƙarowa ni ma zan ɓace."

Kwana biyu ina juya abin a kaina kafin na gane. Shi ɗan kunnen ba shi da batir. Na'ura ce take jefa masa kira, ya ɗan samu ƙarfi daga kiran, ya amsa da wata murya ƙasa-ƙasa. Ni kuma na sa ta tana ihu ta eriyar da za ta saurara da ita. Ta kurmantar da kanta. Da na yi wa Kaka bayani ya ce, "Wato irinka ce." Na kawo eriya ta biyu, ɗaya ta kira ɗaya ta sauraro, na raba su nesa da juna. 'Yar Birni ta dawo.

Daga nan sai na bi kayan ɗaya-ɗaya. Na sa mita na ga batirin babur yana durƙushewa da zarar amfilifaya ta ja wuta, na ɗauko babban batirin sola na shagona na ɗaure a bayan babur, na zo da shi ina tangaɗi kamar mai kai amarya. Na gano wayar dish da na yi amfani da ita ba irinta ake so ba, rabin ƙarfin a hanya yake zubewa, na canza mai kauri na gajarta ta. Amfilifaya tana zafi har za ka iya gasa masara a kanta, in ta yi zafi kuma sai ta yanke, na ɗaura mata fankar tsohuwar kwamfuta, na kuma ɗora ta a kan murfin randar Kaka don ta sha sanyi. Ya ce tun da yake bai taɓa shan ruwa mai ɗanɗanon rediyo ba sai a zamanina. Na tuna maganar ƙarfe, na kwance kwanon da aka kare gefen shinge da shi, na jingine shi can bayan bukka. Har maƙwabcin na roƙa ya daina shayar da su dab da dawowa, wai kada cikinsu ya cika da ruwa. Mutumin ya dube ni, ya dubi Kaka, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Kowane gyara yana aiki, abin da ya rikita ni ke nan. Da sai 'Yar Birni ta zo ƙofa ake kiranta. Sai aka koma kiranta tun daga wajen rijiya. Daga baya tun tana bayan aduwar da take sosa wuya a jiki. Na rantse da a ce na ƙara mako guda, tana cikin uwarta ma za a kira ta. Sauran kuwa su wuce ta gaban eriya kamar ba su san ta ba.

Layarta ta yage saboda wannan susar, robar tana leƙowa. Ina ganinta kullum. Kaka ma ya shafa ya ce, "Wannan marar kunyar ta yaga tata, ranar kasuwa zan mayar wa baduku." Na ce bari sai mun gama, kada a rasa ta gwaji. Iyakar tunanin da na yi ke nan.

Amma fa yammacin nan, ban san ina cikin daɗi ba sai yanzu. Mu biyu a tabarma, ƙwaryar fura a tsakani, yana ba ni labarin shekarar da suka kai shanu fadamar Haɗeja kakata ta haihu a hanya, ni ina gaya masa na taɓa gyara rediyon da ta kama tashar da ba a buɗe ba tukuna. In iska ta juyo yakan ɗaga hannu ya ce yi shiru. Sai ya ce sun taso. Ni ban ji komai ba, sai can in hango su.

Aka gama girbi. Kawu ya zo ranar Asabar, bai zo da mota ba, ya ce a fara gwadawa, kuma na ga a fuskarsa yana so abin ya yi. Na share eriya da hular kaina. Na duba kowace waya sau uku. Shanu suka taso.

"'Yar Birni," in ji akwati, tun tana nesa.

Kawu ya gyara zama. Guntuwa ta shiga. Mai Kunya ta shiga. Ma'aikaciya ta tsaya a gaban eriyar ma, ta shinshina ta, ta wuce. Fanka tana juyawa, ba abin da ake ji sai ita.

Kawu ya ce a hankali, "Baba, wace ce ba ta dawo ba?"

Duk sun dawo. Da ya ce duk suna nan, da ya ci. Na matsa ƙafata na taɓa tasa. Ya janye.

"Ban sani ba," ya ce.

Bayan kwana uku mota ta zo. Kaka ya roƙi abu ɗaya, a bar 'Yar Birni a wajen maƙwabci, tunda ita kaɗai ta amsa. Kawu ya yarda. Da za a loda su, Kaka ya bi su da hannu yana kwance layun da kansa, yana yi wa kowace magana a kunne da Fillanci. Ya tara su a hula ya miƙo mini.

"Riƙe kayanka, Injiniya."

Sun yi kusan wata a cikin leda a ƙarƙashin teburina ban taɓa su ba. Wata safiya na ce bari in farke guda in ga ko robar za ta sayu. Na sa reza na tsaga ɗinkin. A ƙarƙashin fatar sai ga gwangwanin madara, an buɗe shi an daddale, an naɗe robar a ciki tsaf kamar ƙunshin goro. Na farke ta biyu. Haka. Duka haka. Na je na samu badukun ranar kasuwa, ya ce ai tsohon ne ya ce a yi musu irin na layar da ba a so ruwa ya taɓa, har gwangwanayen shi ya aiko. Ta jar saniyar ma an sa mata, ƙila ta yar a wajen susa.

Na dawo shago na jona na'ura, ba amfilifaya, ba babban batir, ba komai. Na ɗauki roba guda tsirara na fita har bakin kwata.

"Mai Kunya," in ji Kaka daga cikin shagona, a hankali, kamar yana tashin jariri.

Na zauna a bakin kwatar. Mai shayin kusa da ni ya ce lafiya? Na ce hayaƙin dalma ne ya shiga mini ido.

Reza ta naira nawa ce? Da na farke guda ɗaya tak a cikin makonnin nan. Ni da aka gaya wa ƙarfe da baki, na je ina kwance kwanon shinge.

Na yanke shawara ba zan gaya masa ba. Gara ya ci gaba da cewa jikansa ne ya kasa, da ya san hannunsa ne ya naɗe bakin shanunsa don tsabar tattali.

A Takur Kawu ya yi masa duk abin da ake yi. Ɗaki da tayil, fanka, katifa mai taushi da ya ƙi hawa. Amma da an yi la'asar sai ya ja tabarma zuwa tsakar gida ya fuskanci get. Ba abin da ke shigowa ta get ɗin sai motar Kawu. Nakan je in same shi a haka, kansa a karkace, yana sauraron unguwar da ba ta da abin da yake jira. Ya daina tsokanata ma, wannan ya fi komai ci mini rai.

Ran nan na kasa jurewa. Na ɗauko akwatin na ajiye kusa da tabarmarsa, na zuba robobin a cikin gwangwanin alewa mai murfi, na koma bakin get. Na zaro guda na shigo da ita.

"Guntuwa."

Ya ɗago kai. Na koma na zaro wata. Na bi yadda suke shigowa a ruga, na san jerin, na gan shi sau talatin ko fi. Ma'aikaciya na bar ta ta yi jinkiri, don haka take. Leɓensa yana motsi tare da lasifikar. Da na gama ya ce saura ɗaya, na ce tana wajen maƙwabci, Tsoho, ka manta? Ya ce bai manta ba, yana gwada ni ne.

Sai ya miƙo hannu. "Ba ni in ji."

Ban yi tunani ba na sa masa guda a tafi. Ya shafa ta gaba da baya. Ya murza gefenta da babban yatsa, inda ɗinki ya kamata ya kasance. Ya daɗe yana juya ta.

"Ina rigarta?"

"Ta tsufa, na cire."

"Da gwangwanin?"

"Da shi."

Fankar ɗakinsa tana ta juyawa ba kowa a ciki.

"Injiniya. Gwangwanin ne?"

Na ce, "Wane gwangwani? Amfilifayar ce jabu. Na kai ta Kano, mai shagon da ya buɗe ta sai da ya kira maƙwabta su zo su gani. Ya ce a duk Arewa ba a taɓa shigo da marar kunya irinta ba. Yanzu haka tana can an rataye ta a ƙofar kasuwa don ta zama darasi."

Ya rufe hannunsa a kan robar.

"Maƙaryaci," ya ce. Bai yi tsaki a ƙarshe ba.

Bai mayar mini da wannan ɗin ba, ta Mai Kunya ce. Ya sa ta a aljihun gaba. Daga ranar, duk Juma'a bayan la'asar ni ne garke. In na makara ya ce shanu sun yi dare, makiyayin banza ne. In ya matso kusa da akwatin sai na'urar ta kira Mai Kunya daga aljihunsa, ya ce ita dama ba ta nisa.

Damina biyu ya yi a Takur, Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo wanke kayansa, matar Kawu ta tsinci robar ta aiko mini.

Amfilifayar lafiyarta ƙalau, tana nan a kan kanta, an taya ta ya fi sau biyar na ce ta lalace. Robobin suna cikin gwangwanin alewa, in murfi yana rufe ba a jin kowa. Wani yammacin, in kasuwa ta yi sanyi kuma rana ta fara sauka bayan duwatsu, nakan jona akwatin in ɗaga murfin kaɗan. Sai su taso gaba ɗaya, yana kiran wannan bai gama ba ya kama waccan, kamar ranar da hadari ya koro su gida da gudu. Mai shayi ya riga ya saba. Yakan leƙo ya ce, "Sun dawo?"

In ce masa saura ɗaya.